Yadda Muka Tsayar da Maganin Yaya Sale

Jama'a, sallama gare ku. Sunana Habibu, noman rani nake yi a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, da yamma kuma ina koyarwa a Islamiyyar unguwarmu. Labarin jinyar yayana zan ba ku, Yaya Sale. Na daɗe ina juya shi a ciki, wani wurin in na tuna sai abinci ya fita raina. Matata ce ta ce in rubuta, ko ta huta da jin sa kullum. Duk mai mai hawan jini a gidansa, don Allah ya daure ya karanta har ƙarshe.

Uwa ɗaya uba ɗaya muke da Yaya Sale, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Ƙaton mutum ne, in yana magana a gonarsa ana jin sa a gona ta uku. Ya kai shekara huɗu da sanin yana da hawan jini, amma shan maganinsa na ganin dama ne. Ranar da ƙeya ta yi masa nauyi ya aika kyamis a sayo ƙwaya biyu, ranar da ta sake shi ya manta da zancen. Mu ma ba mu taɓa ganin aibun haka ba, don kusan kowane gida a garinmu haka ake yi.

Wata Talata da hantsi layin ruwa ya zo kanmu. Muna bakin kanal, ya sunkuya zai gyara tiyon da ke zuba a fangalin tumatir, ya ɗago, sai ya dafe kai da hannu biyu.

"Habibu, wani abu ya tsinke mini a kai," in ji shi.

Kafin in tsallako wurinsa ya yi amai, ya zube. Bakinsa ya karkace, hannun dama da ƙafar dama sun saki. Ina kiran sunansa yana kallona, maganar tana fitowa a dame.

A nan muka fara shirme. Maimakon titi, gida muka nufa da shi. Kawu Ɗanjuma, ƙanin mahaifinmu, wanda shi ne babba a gidan yanzu, ya duba shi ya ce iska ce ta bakin ruwa, ba ya raba ɗaya biyu. Aka kawo hayaƙi aka turara mutumin da numfashi ke yi wa wuya. Wani ya ce jini ne ya hau kai, a kira wanzami ya zuƙe shi. Wanzami ya zo ya kafa ƙaho biyu a ƙeya, ya nuna mana baƙin jini a kasko, kowa na jinjina kai. Bayansa mai kyamis ya iso da na'urarsa, ya auna, ya zaro ido, ya tura masa ƙwaya biyu a ƙarƙashin harshe. Duk wannan bidiri, matarsa Hajara tana bayan ƙofa tana kuka tana cewa, "Don girman Allah ku kai shi asibiti." Ba wanda ya tanka mata. Sai bayan azahar, da ya daina amsa kira, aka yarda a nemo mota.

Allah ya saka wa Malam Iro direba da alheri. Ya riga ya yi lodin tumatir zai tafi kasuwa, ya sa aka sauke kwandunan a rana, aka shimfiɗa katifa a bayan motar. Asibitin kusa da mu ko sauke shi ba su bari an yi ba, suka ce mu wuce cikin Kano.

Babban asibitin da muka je, ba zan faɗi sunansa ba, amma na ga abin takaici. Mutum yana kwance a bayan mota yana gurnani, ni ina layin yankar kati, mai yankar katin yana waya yana dariya. Aka ce babu gado, muka kwantar da shi a baranda. Aka rubuta hoton kai, muka je, aka ce injin ya lalace tun wancan mako, mu tafi wani wuri a cikin gari. Muka sake ɗora shi a mota, muka kutsa cunkoso, muka dawo. Rana ta kusa faɗuwa kafin wani mai farin kaya ya taɓa shi da hannu.

Amma wadda ta taɓa shin, Allah ya yi mata albarka. Wata likita ce 'yar gajera mai tabarau, ba za ta girmi matata ba. Ta ɗaga hoton ta nuna mini wani farin tabo a ɓangaren hagu.

"Ka ga wannan? Jini ne. Jijiya ce ta fashe a cikin ƙwaƙwalwa. Hawan jinin ne ya fasa ta, kuma muddin yana sama, zubar ba za ta tsaya ba. Me kuka ba shi a gida?"

Na faɗa mata duka, ban rage ba. Da ta juya kansa ta ga shatin ƙaho, sai ta ja tsaki.

"Jinin yana cikin ƙoƙon kai, ku kuna yanka fata. Shi kuma mai kyamis ɗinku ka ce masa ba a fizgo hawan jini ƙasa lokaci guda. Da awon ya faɗi warwas, ragowar ƙwaƙwalwar ce za ta rasa jini. A hankali ake sauke shi, ana yi ana aunawa."

Haka kuwa aka yi. Ta jijiya aka riƙa ba shi maganin, cikin ƙarin ruwa, nas na zuwa a kai a kai tana aunawa, ta ƙara gudun ruwan ko ta rage. Aka samo masa gado, aka ɗaga wajen kai. Aka sa masa roba ta hanci, aka ce ko ruwa kada a ba shi ta baki, don maƙogwaronsa bai san hanya ba tukuna. Kwana uku ina zaune ina kallon ɗigon nan. A na huɗu ya buɗe ido, ya matse mini yatsa da hannun hagu.

Mako na biyu 'yan dubiya suka gano hanya. Ina gode musu, don wasu sun bar aikinsu a tsakiyar kakar tumatir sun zo, maƙwabtanmu kuma sun riƙa ba gonarsa ruwa ba tare da an roƙe su ba. Amma kowa ya zo da likitancinsa a aljihu. Wannan ya ce tafarnuwa, wancan ya ce man damo, wata ta ce akwai mai magani a bayan Dawakin Kudu da ke tayar da shanyayye a kwana bakwai. Wata rana na fita karɓo magani, na dawo na tarar da Kawu Ɗanjuma ya tallabo kan Yaya yana ɗura masa kunun kanwa da cokali, wai yunwa ce ke kashe shi, ba ciwo ba. Kunun ya bi hanyar iska. Yaya ya shaƙe, fuska ta yi baƙi, nas ta zo da gudu da injin zuƙa. Kwana biyar yana zazzaɓi saboda cokali uku na kunu. Da likita ta yi faɗa, Kawu ya fito baranda yana cewa 'yan boko ba su da ladabi.

Jinyar kanta ba zan ɓoye muku ba, akwai wuya. Duk bayan 'yan sa'o'i sai an juya shi don kada bayansa ya yi gyambo. Ni ke yi masa tsarki, ni ke canza masa zane. Mutumin da ya goya ni a kafaɗa, in na zo wanke shi sai ya kau da kai bango, hawaye na bin kuncinsa. Banɗakin ɗakin kuwa, wanda ya shiga da lafiyarsa ma sai ya fito da ciwo. Ruwa sai mun sayo a jarka. Hajara ta tare a baranda da tabarmarta, ita ke wanki, ita ke dama abin da ake zuba masa ta roba. Shinkafa shansherar da muka ajiye don cin gida da iri duk ta tafi a hoto da allurai, ban kuma yi baƙin cikinta ba. Akwai wani dattijon nas da ya koya mini yadda ake ɗaga majinyaci ba tare da an ja masa kafaɗa ba, kullum kuma sai ya tsaya ya tsokani Yaya har ya yi murmushi da rabin baki. Ban san sunansa ba, amma yana cikin addu'ata.

A ƙarshen mako na uku aka sallame mu. An cire robar, yana haɗiyar koko, yana kiran sunana ko da yake harshen da nauyi. Likita ta jera mini magani kala uku a kan tebur, ta cire tabarau ta dube ni.

"Malam Habibu, kai ne mai karatu a cikinsu, kai zan faɗa wa. Wannan maganin har ƙarshen rayuwarsa ne. Ba a dainawa don an ji sauƙi, sauƙin ma maganin ne ya kawo shi. In ya dame shi ku dawo mu canza, kada ku yanke hukunci a gida."

Na ce, "In Allah ya yarda, Likita." Har da dafa ƙirji. A hanya na tsaya na sayi na'urar awon jini irin mai batir, ina jin kaina wani babba.

Makonni huɗu da suka biyo baya, wallahi mun ga rahamar Allah. Hajara ta riƙe maganin kamar sallah, safe da yamma. Ta raba masa tukunya, ba gishiri ba dunƙule, ta sha surutu a kan haka, don duk mai zuwa dubiya da farfesunsa yake zuwa, an zabga masa kayan ɗanɗano, in ta hana a ce tana yi wa miji rowa. Kullum da safe nakan je in auna shi, lamba tana fitowa daidai yadda likita ta ce. Ya fara zama da kansa. Ya fara takawa da sanda daga ɗaki zuwa zaure. Ranar da ya daka wa wani ɗan kamasho tsawa a kan farashin kwando, duk gidan aka yi ta dariya, aka ce Sale ya dawo.

Abu ɗaya ne ya dame shi. In ya miƙe tsaye jiri yakan ɗebe shi, ga yawan fitsari, ga kasala. Ya ce ƙwayoyin nan ne ke tsotse shi. Ranar komawarmu asibiti kuwa saura mako biyu.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka zauna a zaurensa, ni da shi da Kawu Ɗanjuma da dattawa biyu na unguwa. Kawu ya gyara zama ya ce, "Kai Habibu, na'urar nan taka me take cewa?"

Na ce, "Lafiya lau, Kawu. Kusan wata guda ke nan bai hau ba."

"To ina tambayarka, kai manomi ne. In tsutsa ta shiga tumatir ka yi feshi ta mutu, ci gaba kake da feshi?"

"A'a."

"In ka ci gaba me zai faru?"

"Ganyen zai ƙone."

"To ga ganye nan yana ƙonewa a gabanka," ya nuna Yaya. "Mutum ya miƙe jiri, ya zauna fitsari. Ciwo ya mutu, magani ya koma cin jiki. Ko fangali in ya ƙoshi ai zare tiyo ake yi."

Dattawan suka ce wannan gaskiya ne. Yaya ya dube ni ya ce, da harshensa mai nauyi, "Na gaji, Habibu."

Ku ji abin da ya fito daga bakina, ni mai karatu, ni da aka cire tabarau aka yi wa bayani. Na ce ai akwai hanya mai sauƙi. A dakata da maganin, a adana ragowar, ni kuma zan ci gaba da aunawa kullum. Ranar da na ga ya fara hawa sai a koma, kamar dai yadda muke zagaya gona, in mun ga tsutsa ta dawo mu ɗauko abin feshi. Kowa ya ce madalla. Kawu har ya ce karatuna bai tashi a banza ba. Na ji daɗin yabon nan, Allah ya sani na ji daɗinsa, kuma shi ne abin da ya fi ba ni ƙyamar kaina yau.

Hajara ta kawo ruwa, ta ji ƙarshen zancen. Ta durƙusa a bakin ƙofa ta ce, "Kawu, a yi haƙuri, likita fa cewa ta yi ba a dainawa."

Kawu bai ko dube ta ba. "Maza na magana. Ajiye ruwan ki koma ciki."

Ta dube ni. Na sunkuyar da kai ina wasa da igiyar na'ura. Ta ajiye ruwan ta koma.

Kwana uku na farko lamba ba ta motsa ba, jirin ya tafi, Yaya ya ci tuwo ya ƙara. Kawu na bi gida-gida yana ba da labarin yadda ya ceci ɗansa daga hannun 'yan asibiti. A rana ta biyar lambar ta ɗan ɗaga, na ce zafin rana ne. A ta bakwai ta ƙara, na ce ai ya yi faɗa da masu ɗiban tumatir ne, bari ya huce in sake aunawa. Ban sake ba. Tumatir ya nuna gaba ɗaya, nawa da nasa, motoci na jira a Kadawa, ina fita tun asuba ba na dawowa sai magariba. Kullum ina cewa gobe. Abin da ban sani ba, tsutsa ana ganinta a ganye kafin ta gama da gona, shi kuwa wannan ciwon ba ya ba da irin wannan lokacin.

Rana ta goma sha biyu, da safe, ya gama shan koko yana zaune a gindin darbejiyar ƙofar gida. Hajara ta ce ta ji kofin ya faɗi ne kawai. Aka zo gona aka kira ni. Wannan karon ba hayaƙi ba wanzami, kai tsaye muka wuce Kano, Kawu a gaban mota yana ta salati. Ko sau ɗaya Yaya bai buɗe ido ba a hanya.

Likitar nan muka sake tararwa. Ta gane shi, ta gane ni. Ta auna, ta sake aunawa a ɗaya hannun.

"Yaushe ya sha maganinsa na ƙarshe?"

Na ce kwana goma sha biyu.

"Ƙarewa ya yi?"

"Bai ƙare ba."

"To wa ya ce a daina?"

Na waiwaya. Kawu ya ɗaga kai yana karanta silin. Na ce, "Ni ne."

Na so ta zage ni, da na ji sanyi. Sai kawai ta juya ta kira nas, suka hau aiki. Aka sake ɗaura ruwan nan mai sauke jini a hankali, aka sake hoto. Farin tabon ya ninka na farko, ya malala har tsakiya. Ta ce za su yi abin da za su iya, amma in sanar da 'yan uwa. Jinin ya sauka kuwa, lamba ta dawo daidai, sai dai ɓarnar ta riga ta auku. A rana ta uku, ana kiran sallar la'asar, ina riƙe da hannunsa na hagu, Yaya Sale ya cika. Allah ya jiƙansa, ya sa jinyar ta zama kaffara.

Zaman makoki ya fi mini jinyar wuya. Kowa ya zauna sai ya ce, "Ai kun yi ƙoƙari, an yi duk abin da za a yi." Kawu na amsawa, "Wallahi ba abin da ba mu yi ba, kwana ne ya ƙare." Ni ma na yi imani da ajali, shi nake koya wa yara a makaranta. Amma wanda ya rubuta ajali shi ya saukar da magani, ya kuma ba mu kunnen jin bayani. A rana ta biyu wani ya sake cewa an yi duk abin da za a yi, na ce, "Ba a yi ba. Maganinsa muka tsayar." Wani dattijo ya ce zafin rashi ne, a yi mini uzuri, aka ci gaba da zancen farashin taki. Har yau akwai masu cewa asibiti ne ya kashe shi da yawan ƙwayoyi, kuma a cikinsu akwai masu hawan jinin da ke shan magani ranar da ƙeya ta yi nauyi kaɗai.

Don haka nake roƙonku. Wanda ya faɗi bakinsa ya karkace, a nufi asibiti da shi a lokacin, kada a biya gida. Kada a ɗura masa komai. In an sallame ku da magani, ko ya tashi yana dambe kada ku tsayar. In yana sa shi jiri, likita za ku koma wa, ba zaure ba. Kuma in mace ta yi magana daga bakin ƙofa, ku saurara, wataƙila ita kaɗai ce ta riƙe abin da aka faɗa.

Na yi wata huɗu ina kauce wa Hajara. Abinci da cefane nakan aika ta hannun matata, amma ban iya haɗa ido da ita ba. Ranar da ta fita takaba ta aiko a kira ni. Na tafi na shirya wa duk abin da za ta faɗa, na ce ko tsine mini ta yi ba zan ɗaga kai ba. Na same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa, ta rame. Muka gaisa. Na buɗe baki zan nemi gafara, ta riga ni.

"Habibu, wata magana ce ta hana ni sakat, ba kuma wanda zan faɗa wa sai kai. Maganin nan fa a ɗakina yake. Kullum in ina dama wa yayanka koko sai na ɗauko shi, in ce bari in murƙushe in zuba, ba wanda zai sani. Sau goma sha biyu ina ɗaukowa ina mayarwa. Tsoro nake kada a gane a ce na raina manya." Ta ajiye farantin. "Kai malami ne, ka faɗa mini tsakaninka da Allah. Ni na kashe shi?"

Duk ayoyin haƙurin da nake karanta wa mutane suka ɓace mini. Na ce mata a'a, na rantse mata, na ce ni ne na kawo shawarar, ita kaɗai ce ta faɗi gaskiya a ranar. Ta saurare ni har na gama, ta gyaɗa kai, ta ɗauki farantinta ta ci gaba da tsinta. Na san ba ta yarda ba.